Ranar da Kawu Ya Tsallake Layin Alli

Kawuna mai ɗaukar hoton fim ne, kuma shekara ashirin da biyu ba a taɓa ganinsa wurin aiki babu alli a aljihunsa ba. Shi ya sa abokan aiki suke ce masa Mai Alli. Ni kuwa shi ya ɗauko ni daga shagon buga takardu ya koya min yanka hotuna da jera su a kwamfuta, har na zama editarsa. Faɗan da na sha a hannunsa, Allah kaɗai ya san yawansa.

Abu na farko da ya koya min shi ne layi. In mutum biyu za su yi magana a fim, sai ya durƙusa ya ja layi a ƙasa daga ƙafar wannan zuwa ƙafar wancan. Kyamara ta zaɓi gefe ɗaya ta zauna, ba ta tsallakawa. Ta haka ne in an haɗa hoton, ɗaya zai kalli dama, ɗaya ya kalli hagu, ido cikin ido. In ka tsallaka kuwa, duk su biyun sai su kalli gefe guda, kamar masu jiran mota a bakin titi. Ya ce tun fim bai da murya masu sana'ar suka gano haka, ba a kansa za a fara ɓata musu aiki ba. Wani darakta ya taɓa matsa masa ya tsallaka, Kawu ya naɗe wayoyinsa ya tafi gida.

A fim ɗin da nake ba da labari akwai wani dattijon ɗan wasa da kowa ke kira Tsoho, mai tabo a kumatun hagu. Fitowa ɗaya ta rage masa, inda uba zai nemi gafarar 'yarsa, sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. An riga an ɗauki ɓangaren yarinyar tun makonni uku baya, tana kallon dama, kuma ta bi mijinta wata ƙasa. Saura fuskar uban kawai. In ba ita, fim ɗin ba shi da ƙarshe, Tsoho kuma ba shi da wata fitowa bayan wannan, kowa ya sani ko da ba a faɗa ba.

Likita ya ba mu awa ɗaya da la'asar. Aka kawo Tsoho tsakar gidan da muke aiki, aka zaunar da shi a kujera, Kawu ya sake jan layinsa inda yake a da. Sai ga waya, wai motar fitilu ta mace a hanya. Ranar ce kawai ta ga damar macewa, don wulaƙanci. Rana ta faɗa bayan katanga, daga gefenmu fuskar Tsoho ta zama duhu, idon ma ba a gani. Ɗan hasken da ya rage ta tsakanin katanga da bishiya yake shigowa, yana sauka a ɗaya kumatun, can ƙetaren layi.

Darakta ya ce, "Mai Alli, lokaci fa."

"Na gani."

"To, mu juya kujerar."

"Da ka juya ta hasken ya bar shi."

Suna cikin haka na ji murya ƙasa-ƙasa. Tsoho ne ya fara faɗin maganarsa ba tare da an ce a fara ba. Numfashinsa na sarƙewa, ya san ba zai iya sau biyu ba. Kawu ya kalli allin da ke ƙasa, ya kalli Tsoho, ya cire kyamarar daga kan ƙafafunta ya ɗora a kafaɗa, ya taka layin ya wuce. Da idona na ga takalminsa ya goge allin. Minti ɗaya da rabi ya ɗauka, sannan ya sauke kyamarar.

Kwana tara bayan haka Tsoho ya rasu.

Da na haɗa hoton, abin da muke tsoro shi ya fito. Yarinya na kallon dama, uba na kallon dama, yana neman gafara kamar da bango yake magana. Na ce, "Kawu, bari in juya hoton a kwamfuta, ya koma kallon hagu." Na juya, tabon ya koma kumatun dama. Kawu ya ce, "Mayar. Matarsa za ta kalla. Ba zan ba ta fuskar wani ba." Darakta ya yi ta bambami, wai 'yan sana'a za su mai da mu abin dariya, ya ce in iyalin ba su yarda ba a yanke fitowar gaba ɗaya.

Bayan ta fita takaba, matar Tsoho ta zo ɗan ɗakinmu na aiki. Muka ba ta kujerata, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana murza alli har yatsunsa suka yi fari. Na kunna. Ta kalla har ƙarshe.

Kawu ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Kuskurena ne, ya kamata a ce yana kallon yarinyar."

Ta juyo ta dube shi. "Wane kuskure? Shekara arba'in da ɗaya muna tare, bai taɓa ba ni haƙuri yana kallon idona ba. Kullum gefe yake kallo, haka ɗin nan." Ta goge ido da bakin mayafinta, ta matso da kujerar kusa da kwamfutar, ta taɓa min hannu. "'Yata, maido min shi baya."