Babbar Riga a Layin Taki

Laifina ne, ba na musu. Ni na hana Baba fita da rigar gona ranar da aka ce a je Kudan a karɓi takin gwamnati mai rangwame. Na ce masa gaban hukuma za mu, bai kamata a gan shi kamar yanzu ya fito daga fadama ba. Na sa aka ciro masa babbar rigarsa ta shadda, wadda sai da Sallah take ganin rana, na goya shi a babur daga Likoro. Masararsa ta yi sati uku da tsirowa, ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa, takin kasuwa kuma ya fi ƙarfinmu a shekarar. In muka rasa wannan, gonar ta tafi.

Muna isa na ga abin da ya ɗaure mini kai. Layi cike da tsummokara. Ga wani mai shagon siminti da na sani a Makarfi, ya kifa malafa, ya saɓa fartanya sabuwa fil, ko ƙasa ba ta taɓa shiga ba. Ga dillalan hatsi cikin yagaggun riguna, ƙafa sumul. Ashe labari ya zaga cewa an kawo sabon malamin gona, ya rantse bana manomin gaskiya kaɗai zai ba, ban da masu karɓa su kai kasuwa. Kowa ya ji, sai ni mai taƙama da boko.

Malamin saurayi ne mai ladabi. Yana hango Baba ya taso, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, ya sa aka kawo kujera gindin darbejiya da ruwan leda mai sanyi. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, na bana na talakawa ne. Irinku ai Allah ya rufa muku asiri."

Na yi tsalle na dire, na ce a duba takarda, sunan Baba na ciki. Ya ce ai sunan kowa na ciki, damuwar ke nan. Baba kuwa ko a jikinsa. Ya harɗe yana kurɓar ruwa, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Buhunan taki na ta raguwa a motar da ta kawo su, ni kuma ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Can sai wani buhu ya suɓuce wa masu saukewa, ya fashe, taki ya watse a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutanen layi suka dinga tsallakewa, kowa na tsoron a ci masa wuri. Ban ga tashin Baba ba. Ganinsa kawai na yi a durƙushe, ya naɗe hannuwan riga a kafaɗa, yana tattarawa da tafin hannu, yana yi wa duk wanda ya matso faɗa, wai in ya sha danshi narkewa zai yi. Ƙwaya ɗaya-ɗaya yake tsinta, shaddar nan ta yi dumu-dumu da laka.

Malamin gona ya daɗe tsaye a kansa. Daga nan ya ɗauko takarda ya tambayi sunansa, kunya duk ta rufe shi. Amma lokacin an riga an rabe komai, fasasshen buhun kaɗai ya rage, shi ma don kowa ya ƙi shi ne. Baba ya ce shi yana so. Aka nemo tsohon buhu aka juye, muka ɗaure a babur.

A hanya na kasa daurewa, na ce ya yafe mini, biyu ya kamata ya samu na jawo masa ɗaya. Ya yi dariya har babur na rawa, ya ce ɗayan ma zai fid da masarar in aka yi tattali. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce gonakin rake. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai, tun ina saurayi nake bin layin gwamnati. Yau ne aka fara ba ni kujera."