Saksafon Ɗin Kaka

Ina tsaye a bakin ƙofa, a gidanmu na Mayo Gwoi, kakanmu ya miƙa wa ƙanwata Rahila tsohon saksafon ɗinsa, wannan algaitar ta Turawa. A shekarun alif ɗari tara da casa'in ne.

Abin ya girmi Kaka ma. Ruwan zinariya ne, an zana masa furanni da tsuntsaye. Ni nake goge shi kowace Asabar.

Na ce, "Kaka, ni fa?"

Ya ce, "Kai kyansa kake so, ita kuwa kukansa take so."

Ran Lahadi ta busa a coci, mata suna ta guɗa. Ni kaɗai ne ban tafa ba.

Kaka bai yi ƙarya ba, amma har yau in tana busawa sai in kasa tafawa. Ku ma kun taɓa kishin ɗan'uwanku haka?