Aron Kwana Ɗaya Da Ya Raba Ni Da Abin Da Na Ƙera

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni mai walda ne a Rano, ina da 'yar rumfata a bakin titi, ƙofofi da tagogi su ne abincina. Amma ni mutum ne mai ƙaiƙayin hannu. Ganin yadda tumatir ke ruɓe wa manoma in kasuwa ta faɗi, ko a shanya shi a ƙasa ya kwashi yashi, ya sa na ƙera wani akwati na ƙarfe da gilashi mai busar da shi da zafin rana, ya fito jawur, ba ƙura ba ƙuda. Na ɓata ƙarfe ba kaɗan ba kafin ya yi daidai, har maƙwabta suka fara yi min kallon mai taɓin hankali.

A shekarar, tallafin masu ƙananan sana'o'i ya yi ta sauka kamar ruwan Agusta, na tarayya daban, na jiha daban, kowa na neman mai sabuwar fasaha. Na nemi na jiha, aka ce in jira masu dubawa. Ina cikin jira sai ga ɗan kawuna daga Fammar ta Kibiya, abokin wasana. Da raha ya shigo yana kirana bawansa kamar kullum, ya ce in ara masa akwatin kwana ɗaya, 'yan tarayya za su zo duba sana'arsa. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. In masu dubawa za su zo, ana aron keken ɗinki, ana aron awaki, in sun tafi a mayar wa mai shi. Na ce ya ɗauka. Kaico!

Ranar da nawa masu dubawar suka zo, shugabansu na ganin akwatin ya ɗaure fuska. Ya ciro waya ya nuna min hoton ɗan kawuna tsaye jikin akwatina, hula a karkace, an rubuta wai shi ya ƙirƙiro. Ya ce ba a tallafa wa abu ɗaya sau biyu, kuma in gode Allah ba su haɗa ni da 'yan sanda kan satar fasaha ba. Ni! A gaban rumfata, jama'a na kallo. Na je ofishin 'yan tarayya suka ce matsalar jiha ce, 'yan jiha suka ce ta tarayya ce. Gogan kuwa da na same shi dariya ya yi, wai ai abin bawa na ubangijinsa ne.

Na haɗiye, na bar wa cikina. Bayan damina 'yan tarayya suka aiko masa za su dawo da manya daga Kano su ga ci gaba. Sai ga shi a rumfata, ba wasa a bakinsa, yana roƙon in rufa masa asiri in sake ara masa akwatin. Na ce haba, me ya yi zafi, ya je ya shirya, ni da kaina zan kawo da safe. Ya kafa rumfuna, ya yi hayar kujeru, ya gayyato dagaci da makaɗa. Ni kuwa gari na wayewa na kashe waya, na garƙame akwatin a ɗaki, na sayi waina na zauna na ci a tsanake. An ce har azahar yana leƙen hanya, gumi ya jiƙa masa babbar riga sharkaf. 'Yan tarayya suka ƙwace tallafin da suka ba shi, kunya ta kore shi kudu, har yau bai dawo ba.

Sai dai sunana bai dawo ba ni ma. A ofisoshin nan biyu har gobe ni ɓarawo ne. Mahaifiyata ta yi kuka, kawu kuma ya rasu bai sake amsa gaisuwata ba, wannan kam yana ci min rai. Ina jan kunnen masu sana'a, abin da hannunka ya ƙera kada ka ara wa kowa ranar dubawa, ko cikinku ɗaya, domin wanda aka fara ɗauka hoto da shi, shi ne mai shi. Malamai sun yi ta ce min in yafe, na gwada ya ƙi. Wallahi in ya dawo gobe neman aro, zan sake ce masa ya je ya kafa rumfuna.