Na Yi, Baba Katakis

Da safen nan ina tsugune gaban bahon wanki, hannuna duk kumfa, waya ta yi ƙara. Baba Katakis Ishaya ya rasu.

Na zauna a ƙasa na daɗe ban motsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon nan na cocinmu na Katolika a nan Daura, katakis mai koyar da addini, tsohon malamin makaranta, mai turo mana Guzurin Yau kowace safiya. Zai ɗauki karatun Mas na ranar, ya warware shi da Hausar da ko kakata za ta gane, sannan ya rufe da abin da yake kira aikin yau. Tun shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan yake wannan abu. Da farko a takarda yake rubutawa ya raba a bakin coci, daga baya ya koma tes ta waya, har aka zo zamanin guruf.

Jiya ma ya turo. Yau ne kawai waya ta yi shiru.

Kuma ku ji wanda ya kira ni ya faɗa mini. Yaya Ado ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Waɗanda suka san ni sun san wannan kaɗai labari ne, don shekara bakwai ko ina kwana ba ta haɗa ni da shi ba. Zan zo kansa. Ku bari in fara da akuya.

Wata safiya Baba ya turo Guzuri kamar kullum, a tsakiyar rubutun sai ya saka cewa akuyarsa ja ta tsinke igiya ta ɓata, wanda ya gan ta don Allah ya sanar da shi. Jama'a, sai ga amsa tana zubowa. Amin. Amin Baba. Amin, Allah ya tabbatar. Har da masu saka hoton hannu biyu a haɗe.

Ni Rahila ina cikinsu, kuma tawa Amin ɗin har uku na jera.

Ran Lahadi bayan Mas ya miƙe wurin sanarwa, ya gyara tabarau, ya ce, "Ina godiya ga duk waɗanda suka taya ni addu'ar akuyata ta ɓata. Allah ya ji ku, har yanzu ba ta dawo ba."

Fada, limamin cocinmu, da kansa sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Mu kuwa matan zumuntar coci kowa ta ja gyale ta rufe fuska.

Daga ranar ya kafa mana doka. Ya ce Amin ta addu'a ce, a bar ta a wurinta. Wanda ya karanta Guzuri har ƙarshe, ya rubuta na ji. Wanda kuma ya tashi ya aikata aikin yau, ya dawo ya rubuta na yi. Ya ce shi malamin makaranta ne, ba ya ba da maki sai ya ga aiki.

Ayyukan ba masu wuya ba ne fa. Yau ka gaida wanda ka saba wucewa. Yau ki ci abinci ba tare da kin kushe wanda ya dafa ba. Yau kada ka katse matarka in tana magana. Wannan ta ƙarshe mazan guruf ɗin sun yi kwana biyu ba su ce uffan ba.

Lokacin da aka turo ni koyarwa Daura ban san kowa ba sai wana. Baba ne ya yi ta yawo da ni a rana har muka sami ɗaki, matarsa Mama Hannatu ta ba ni tabarma da tukunya. Tukunyar tana nan har yau, na sha cewa zan mayar.

Akwai wata tsohuwa a cocinmu da ba ta karatu, ba ta da waya. Kullum sai ya hau kekensa ya je ya karanta mata Guzuri a ƙofar ɗakinta. In ya gama ta ce na ji, shi kuma ya dawo ya rubuta mana a guruf, "Iya ta ce ta ji."

In azumin Musulmi ya kama, yakan ja mana kunne kada ya ga ɗan cocinsa yana tafe yana tauna a titi. Maƙwabtansa kuma ba su taɓa yin Sallah ba su kai masa nama ba. Yanzu haka da na baro gidan, masu hula sun fi mu yawa a kan tabarma.

To, maganar Yaya Ado.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, bari in faɗa da bakina. Mu 'yan wani ƙauye ne can kudancin jihar nan, gidan Katolika. Yaya ya riga ni zuwa Daura, yana sayar da hatsi kusa da tasha, a nan ya musulunta. Ko suna bai sake ba, Adamu yake, Adamu ya tsaya. Abin ya ci mini rai, amma muna gaisawa.

Sai Innarmu ta rasu. Ranar jana'iza a ƙauye aka shiga da ita coci, Yaya ya tsaya waje ƙarƙashin darbejiya bai shiga ba. Da muka fito na tsaya gaban dangi kaf na nuna shi da yatsa na ce, "Daga yau ni ba ni da wa."

Kun san bakina. In ya buɗe ba ya neman shawarata.

Shekara bakwai ke nan. Hanyar makarantarmu ta gaban rumfarsa ta bi, amma ni sai in zagaya ta bayan tasha, da rana da ruwa. Ran Lahadi kuwa in Fada ya ce mu ba juna alamar salama, ni ce gaba-gaba, har benci na uku nake miƙa hannu ina murmushi.

Akwai karatun Linjila guda da na tsana ya zagayo. Wanda Ubangiji yake cewa in ka kawo baikonka, wato hadayarka, gaban bagade inda ake miƙa ta ga Allah, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon tukuna ka je ku shirya. Sau biyu yake zuwa a shekara, makon farko na azuminmu, sai kuma farkon damina. Duk ranar da ya zo, aikin yau a wurin Baba ɗaya ne, ka je ka gaida wanda kuka ɓata.

Ranar nan ni ko na ji ba na rubutawa. Sai in ce data ta ƙare.

Bai taɓa tona ni a guruf ba. Sau ɗaya dai ya tare ni a bakin coci, na fara zuba masa hujja, yadda Yaya ya bar mu, yadda ya ƙi shiga. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Addininsa tsakaninsa da Allah ne, 'yata. Gaisuwa ce tsakaninki da shi." Sai ya ƙara da cewa, "Wa ya haƙa kabarin Innarku?"

Yaya ne ya fara sara, shi ne kuma na ƙarshen fitowa daga ramin. Na sani sarai. Na ce wa Baba ina da girki a wuta, na wuce.

Ganina da Baba na ƙarshe ran Larabar nan ne da la'asar. Na ji ba ya jin daɗi, na kai masa kunun gyaɗa. Na same shi a zaure kan kujerar roba, littafinsa a cinya da jan biro, yana shirya Guzurin gobe. Ya ce idonsa yau ya ƙi waya, in zauna in buga masa, shi zai faɗa.

Na karɓi waya na ce, "Baba, mene ne karatun goben?"

Ya ce, "Na baiko da bagade."

Na ɗago na dube shi. Wallahi fuskarsa kamar ba shi ba, yana ta hura kunu.

Haka na zauna na buga shi da yatsana, kalma bayan kalma, abin da na shekara bakwai ina tsallakewa. Ya ce Allah ba ya gaggawar baikonmu, zai iya jira a gaban bagade har mu je mu dawo, ɗan'uwa ne ba a san ko zai jira ba. Ya ce zumunta a ƙafa take, ba a cikin zuciya ba, don kowa yana cewa shi ba ya riƙe da kowa. Da muka zo aikin yau na ce, "Wannan na haddace, Baba," na rubuta da kaina.

Zan tafi ya ce, "Rahila, karatun nan zai sake zagayowa da azumi. Ni ne ban sani ba ko zan zagayo tare da shi."

Na ce, "Haba Baba, daina irin wannan magana."

Ya ce, "To, na daina. Ki gaida yara."

Ran Alhamis da aka tashi daga makaranta, ƙafata ta kama hanyar bayan tasha kamar yadda ta saba. Na tsaya. Na juyo na bi ta gaban rumfa.

Yaya yana auna wa wata mata masara. Ya yi furfura a gemu, ban sani ba. Na ce, "Yaya, ina wuni."

Kwanon ya karkace a hannunsa, masara ta zube a ƙasa. Ya ce, "Ladi?"

Sunana ne na gida. Tun da Inna ta rasu ba wanda ya kira ni da shi.

Ya jawo benci ya goge da hannun rigarsa, ya ce in zauna. Na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar da na yi a gaban mutane." Ya ce, "Wace magana? Na manta." Sai kuma ya yi dariya ya ce, "Ƙarya nake, ban manta ba. Amma na yafe tun kafin in hau mota ranar."

Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Ya ce, "Ban san yadda zan tsaya a cikin cocin ba ne, Ladi. Ni ba baƙo ba, ni ba ɗan gida ba. Sai na ga gara in tsaya inda zan iya kuka."

Muka yi kukanmu a nan, mai masara tana tsaye tana jiran awonta. Daga ƙarshe ita ma ta zauna.

A nan ne na ji cewa duk shekarun nan Baba yana biyawa ta rumfar. Ya sayi gero ko bai saya ba, sai ya zauna ya ba Yaya labarina, an ƙara mini girma a wurin aiki, ɗana ya shiga sakandare, na yi zazzaɓi na warke. Ni ko sau ɗaya bai gaya mini ba.

Na dawo gida na ɗauki waya zan rubuta na yi. Sai na fasa. Na ce a'a, wannan ba ta waya ba ce, sai ran Lahadi bayan Mas in tsaya gabansa in faɗa, in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Yau Asabar.

Yaya unguwarsu ɗaya da Baba. Yana dawowa daga sallar asuba ya ji kuka a gidan, shi ya sa ya riga kowa kirana. Abin da ya fara zuwa raina, tun kafin hawaye, shi ne ban faɗa wa Baba ba. Dattijon nan ya jira kalma biyu shekara bakwai, na riƙe su kwana biyu saboda son burgewa, ya tafi bai ji ba. Na yi ta zagin kaina a hanya har na isa.

Na shiga wurin Mama Hannatu na durƙusa. Na ce, "Mama, na je wurin Yaya, amma ban gaya wa Baba ba."

Ta ce, "Ke dai Rahila. Tashi ki miƙo mini littafin can."

Ashe jiya bayan sallar Juma'a Yaya ya zo duba Baba, ya ba shi labari tas, har da masarar da ta zube. Mama ta ce Baba ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Kada ka gaya mata na sani. Bar ta ta kawo aikinta da kanta."

Ta buɗe mini bayan littafin, inda yake jera sunayen waɗanda yake wa addu'a. Ga sunana can sama, tawadar har ta koɗe. A gefensa, da jan biro sabo, ya rubuta: Ta yi.

Na yi kuka, amma ba irin na hanya ba. Yanzu da nake rubutun nan raina a kwance yake. Ya tsufa, ya yi aikinsa, ya kwanta a ɗakinsa kusa da matarsa, ya tafi bai wahala ba. Yaya yana can waje yana shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarma, ya ce in an sa lokacin jana'iza in gaya masa da wuri.

Duk da haka doka doka ce, kuma bai ga rubutuna ba. To ga shi a gaban kowa.

Na yi, Baba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya ya iso. Ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutun da ba ya ƙarewa, haskenka ya zauna a kansa. Ka riƙe Mama Hannatu da 'ya'yansu da jikoki. Mu kuma da ya bari, ka ba mu kunnen ji da ƙafar zuwa.

'Yan'uwa da abokan arziki, Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonku ku sa shi da iyalinsa a addu'a.

Yau kam addu'a ce, ba akuya ba. Ku ce Amin.