Bene Don Tsuntsuwar Ƙasa

Shekara ashirin da shida ta yi tana taka keken ɗinki, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Da ta ajiye keken ba ta iya zaman banza ba, sai ta sayo salwa goma sha biyu ta zuba a kwali bayan ɗaki. Tun daga nan unguwa ta manta da ɗinkinta, kowa sai Maman Salwa.

Ita dai salwa ba ta fi dunƙulen hannu ba. Jikinta kalar busasshiyar ciyawa ne, wutsiya kuwa kamar an manta ba a sa mata ba. A ƙasa take kiwo, a ƙasa take birgima cikin yashi, nan take ajiye ƙwanta mai ɗigo-ɗigo. Ba ta tashi sai ta firgita, kuma in ta tashi sama take harbawa a tsaye. Mako ɗaya ya ishi Maman Salwa ta gane wannan. Mijinta kafinta ne, shekara talatin yana sana'a, bai taɓa sauraron mai aiki har ƙarshen magana ba.

Keji ta roƙa, mai faɗi, yashi a ƙasa, raga a sama. Ya kwana tara yana fafe-fafe, ya fito mata da bene hawa uku, har da tsani da sandunan tsayawa, ga kowane hawa da rufin katako mai kauri, ya sha fenti.

"Malam, salwa na ce maka, ba tattabara ba."

"Tsuntsu ai tsuntsu ne, Hajiya. In suka ga wuri mai kyau za su hau."

"Da wace ƙafar? Kai ma tsanin masallaci sai an riƙe ka."

Ba su hau ba. Suka cunkushe a hawan ƙasa, ƙarƙashin katakon nan. Duk sanda ya buga guduma a tsakar gida sai su zabura, ka ji ƙum, kai ya haɗu da rufi. Ranar farko ɗaya ta mutu. Kafin Juma'a uku.

"Mura ce," in ji shi, yana jujjuya gawar.

"Mura ce ta fasa mata kai? Cire rufin nan."

"Aikin da na ƙure basira a kai? Ki bari su saba."

Ta ƙirga salwar. Tara suka rage, kuma a yadda Malam ke son gudumarsa, wata ba zai ƙare da ko ɗaya ba. Ta jira ya fita sayen ƙusa, ta ɗauko tsohon almakashinta, ta nufi kujerar da yake hutawa a kai. Ta farke matashin, ta zaro soson, ta yanka daidai faɗin rufin, ta kafe shi daga ciki da ƙusoshinsa.

Ya dawo ya zauna a kan zallar katako, ya miƙe da sauri.

"Ina sosona?"

"Yana bene. Ka bari ka saba."

Tara ɗin suna nan da ransu. Ƙwai kullum a ƙasa, daidai gindin tsanin da ba a taɓa hawa ba. Shi kuwa duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi bayan ɗaki ya nuna masa soson, wai dabara ce ta tsofaffin kafintoci. Tana jinsa daga kicin, sai dai ta ja tsaki ta ci gaba da wanke ƙwai.