Ba A Yi wa Baba Idi Bismilla Sau Biyu

Duk wanda ya yi zaman Ras Al Khor a farkon shekarun dubu biyu ya san ba a yi wa Baba Idi Ba'amurke bismilla sau biyu. Sau ɗaya ta ishe shi. Ku da kuka san shi, ku faɗi tsakaninku da Allah, waye a cikinku bai taɓa da-na-sanin buɗe baki ba? Kowa ya san yadda abin yake a wurinmu. Kana cin abinci mutum ya zo wucewa, ka ce masa bismilla, ya ce a ci lafiya, ya yi gaba. Kai ba ka yi rowa ba, shi bai yi kwaɗayi ba, kowa ya fita kunyar kowa. To shi Baba Idi, kafin ka rufe baki ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya jawo kwali ya zauna a gabanka.

Saboda waɗanda suka zo daga baya, baƙar fatar Amurka ne, daga can kudancin ƙasar. Ya musulunta yana saurayi, ya je Kano koyar da Turanci, ya yi aure a can, ya zauna har matar ta rasu ba su haihu ba. Daga nan ya biyo wani tsohon ɗalibinsa Dubai, yana rubuta wa 'yan kago, masu aika kaya gida, wasiƙun Turanci da cika takardun kwantena, a siton da nake ajiye kayan gyaran mota. Ya doshi sittin a lokacin. Hausa a bakinsa raɗau, har da baƙar magana in ka taɓo shi.

Alhaji Sabo mai taya ne ya fi kowa shan wuyarsa. Kun san Alhaji Sabo da riƙon hannu. Wata rana ya sayo rabin gasasshiyar kaza, ya juya wa mutane baya, ya yi bismillar can ƙasa-ƙasa kamar mai tasbihi. Baba yana can ƙarshen sito a kan takardu, amma sai ga shi yana tahowa yana yarfe ruwan hannu. Da aka gama, Alhaji Sabo ya kasa haƙuri, ya ce masa ai wannan al'ada ce kawai, ba wai a zo ɗin ake nufi ba.

"Na sani, Alhaji, na fi shekara ashirin a Kano," in ji Baba. "Ka kira ni, na zo. Ranar da ba ka so, kar ka kira."

Tun daga ranar Alhaji Sabo ya koma cin abinci a cikin kwantenar da aka sauke kayanta, ya ja ƙofa, a zafin nan na Dubai da ke dafa mutum da ransa. Kwana uku yana haka. A na huɗu Baba ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya shiga da kularsa ta shinkafa da wake, ya ajiye a tsakiya, ya ce masa bismilla. Wai ba kyau mutum ya ci shi kaɗai. Suka fito su biyu sharkaf da gumi, Alhaji Sabo na zagin Amurka da duk wanda ya gina ta.

Gaskiyar magana, ba cin kirki yake yi ba. Loma biyu, uku, ya janye hannu ya zauna yana kallonka kana ci, kuma kullum da kularsa yake zuwa. Mun ga haka sarai, amma tsokana ta fi daɗi, sai muka ci gaba da ce masa makwaɗaici.

Isufu ɗan Nijar, direban siton, yana da nasa labarin. Sun ɗauko hanyar Al Quoz da azahar, mai kaya na jiransu, sai Baba ya ce a tsaya. Ya hango wani lebura ɗan Bangaladash a inuwar katanga, yana cin gurasa da albasa shi kaɗai. Isufu ya yi ta danna hon yana cewa yalla Baba, yi sauri, patron mai kayan nan zai kashe mu, Baba ko waiwaye. Ya je ya tsuguna kusa da mutumin, ya buɗe kula, suka ci. Ba mai jin yaren wani. Da ya dawo Isufu ya tambaye shi me suka tattauna. Ya ce mutumin ya gaya masa albasar ta cika yaji. Isufu ya ce da wane yare? Baba ya ce da hawaye.

Sai kuma maganar riga. Kullum akwai farar riga a jakarsa, a goge, a ninke cikin leda, ban da wadda ke jikinsa. Ba mu taɓa ganin ya sa ta ba. Muka ce ko ɗaurin aure yake jira a kira shi ba shiri.

Idan hira ta yi daɗi yakan ɗauko zancen yarintarsa. Ya ce a garinsu da can makarantar baƙaƙe daban, ta farare daban, har kotu ta ce a haɗa su. Yana shekara goma sha biyu mahaifinsa ya ba da sunansa, ya zama cikin na farko da aka kai makarantar farare, sojoji a gabansa sojoji a bayansa. To a nan muke katse shi. A wurinmu yaron da soja ya raka makaranta ai ɗan gata ne. Ni ne kan gaba wajen sheƙiyancin, in miƙe in ƙame in sara masa, in ce ranka ya daɗe ɗan gwamna. Sai a kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya koma kan takardunsa. Ban taɓa barinsa ya wuce ƙofar makarantar nan a labarinsa ba, ko sau ɗaya.

Da kasuwa ta ɗan buɗe mini na kawo iyali, na sa 'yata Bilkisu a wata makaranta mai tsada, tana shekara tara. Na so a ce 'yar Alhaji Garba tana karatu da 'ya'yan manya. Ita kaɗai ce baƙa a ajinsu, ni kuwa abin alfahari na ɗauke shi. Ba a yi wata biyu ba yarinya ta fara ramewa. Kwanon abincinta yadda ya tafi haka yake dawowa. Uwarta ta canza girki, ni na yi faɗa, na ce shagwaɓa ce. Na kawo ƙorafin sito ina neman wanda zai taya ni, kowa na cewa yaran zamani sai haƙuri. Baba ne kawai ya ajiye biro ya dube ni.

"Da wa take ci?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan, makaranta cike da yara. Ya sake tambaya, da wa take ci. Wayata ta yi ƙara, na ɗauka, zancen ya wuce a wurina.

Ashe a wurinsa bai wuce ba. Bilkisu ta san shi, yana zuwa gidana cin tuwo ranar Juma'a. Sai ya fara ɓacewa daga sito da hantsi, ya hau tasi har makarantar, ya ce wa masu gadi shi kakanta ne, ya kawo mata abinci. Suka bar shi ya riƙa zama da ita a wani benci kusa da ƙofa lokacin tara. Sati biyu ana haka ban sani ba, sai da aka kira ni daga ofishin makarantar, cikin ladabi, wai suna so in zo in sa hannu cewa dattijon nan da ke raba wa yara busasshen nama ɗan'uwanmu ne.

Na ji kunya, kuma kunyar banza ce. Abin da ya zo mini shi ne iyayen yaran nan za su ga wani tsoho da kula a ƙofar makaranta su ce daga gidana yake. Na dawo sito raina a ɓace, na same shi a cikin mutane, da Alhaji Sabo da Isufu da baƙin da suka zo daga Kano. Na ce masa abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

"Baba, kwaɗayin naka ya kai har kwanon yarinya? Khalas, ya isa, kar in ƙara jin ka taka makarantar nan."

Wasu suka yi dariya don sun ɗauka irin tsokanar da aka saba ce. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce to Alhaji, 'yarka ce. Ya ci gaba da rubutu.

Washegari na buɗe abincina, ya zo wucewa, na ce masa bismilla. Ya tsaya, ya ce a ci lafiya, ya wuce. Wallahi haka na rufe shinkafar nan ban ci ba. Yana zama da kowa kamar da, har da Alhaji Sabo, amma ni tun daga ranar sai a ci lafiya, cikin ladabi, kamar kowane Bahaushe mai kunya. Ya daina zuwa tuwon Juma'a. Na san abin da ya kamata in yi. Kalma biyu ce, yi haƙuri. Amma kullum sai in ce bari kaya su sauka, bari a rage mutane a sito, bari gobe. Bilkisu kuma ta fara cinye abincinta, sai na ce to ai ga shi, faɗana ne ya yi aiki.

Haka muka yi wata bakwai, har ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Muka je duba shi mu biyar da rana. Ya rame, amma bakin na nan, yana tsokanar Alhaji Sabo wai ya zo dubiya da lemo ɗaya tal. Muna tsaye aka kawo masa abinci a faranti, dafaffen kifi fari fat da wata miya da ba gishiri. Ya jawo farantin, ya matsar da shi gefen gado ta wajena, ya ɗago ya dube ni.

"Bismilla, Alhaji."

Bakina ya riga ni. Na ce a ci lafiya, Baba. Abin da na saba faɗa tun ina yaro, kuma wa ke cin abincin majiyyaci? Ya gyaɗa kai, ya mayar da farantin gabansa. Sai da muka shiga mota na gane abin da ya miƙo mini da abin da na mayar masa. Na ce jibi zan dawo ni kaɗai, da tuwon gidana. Washegari da la'asar Isufu ya kira ni ya ce Baba ya cika.

Bayan an kai shi, Isufu ya kawo mini jakarsa don ba wanda ya san inda za a kai ta. Na buɗe a falo, farar rigar nan ta faɗo cikin ledarta. Bilkisu na gani ta fashe da kuka. Ta ce ta san rigar, Baba ya ba ta labarinta a benci.

Daga bakin 'yata na ji ƙarshen labarin da na hana shi ƙarasawa shekara da shekaru. Sojojin nan ba don gata suke raka shi ba. Manyan mutane ne, iyaye maza da mata, suke cika bakin titi suna zaginsa, suna tofa masa yawu, suna cewa ya koma inda ya fito. Ya ce mata wannan duk da sauƙi, don soja na gefensa. Wahalar tana ɗakin cin abinci. Duk teburin da ya ajiye farantinsa, sai yaran su miƙe gaba ɗaya su koma wani. Wani ya zo wucewa ya juye masa madara a riga. Shi ya sa mahaifiyarsa take goge riga biyu kullum, ɗaya a jiki ɗaya a jaka, don kar ya koma aji da datti su ce halin baƙaƙe ne. Shekara guda cur yana cin abinci shi kaɗai a tsakiyar ɗaki cike da yara, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa a gida, don kowa na murna an ci nasara.

"Abba, ce mini ya yi sojoji sun raka shi har ƙofar makaranta, amma ba wanda ya raka shi tebur," in ji Bilkisu. "Ya ce ranar da ya sauka Kano, wasu leburori da bai sani ba suka ce masa bismilla a bakin titi. Ya zauna ya ci yana kuka. Ya ce tun daga ranar ya yi alkawari ba zai taɓa mayar da ita ba."

Na tambaye ta ita fa. Ta ce ita ma tashi ake yi in ta zauna, ana toshe hanci wai abincinta na wari, shi ya sa take rufe kwanon ta ɓoye a banɗaki har a koma aji. Baba ne ya sa ta baje damɓun nama a benci, ya ce duk yaron da ya gifta ta ce masa bismilla, ko ya ji ko bai ji ba. Kwana tara ba wanda ya tsaya. A na goma wata 'yar Indiya ta ɗanɗana, ta zauna. Ita ce ƙawarta har yau. Ba faɗana ne ya yi aiki ba.

Mutumin da ya yi alkawarin ba zai mayar da bismilla ba, ni na sa shi ya mayar da tawa wata bakwai. Da ya yafe ya miƙo mini tasa, na mayar masa. Rigar tana wurin Bilkisu, ta hana kowa taɓa ta. Ni kuma yanzu a Ras Al Khor ana gulmata, wai Alhaji Garba ya lalace, ko leburan da bai sani ba ya yi masa tayi sai ya wanke hannu. Alhaji Sabo ya koma cin kazarsa a mota, ya ɗaga gilashi. Ku yi ta faɗa, na ji.

Allah ya jiƙan Baba Idi, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mini abin da na yi masa. Allah ya zaunar da shi cikin mutanen da ba sa tashi in ya zauna. In kuma da rabon mu haɗu a can, Allah ya sa ya ƙara yi mini bismilla sau ɗaya.