Bahon Kofur da Buhun Samfur

Ban taɓa mantawa da ranar rabon iri ta shekarar da na fara riƙe sito ba, kuma ko na so mantawa mutanen Zandam ba za su bar ni ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar abin da ya sa ake rataye matsamin ƙosai kusa da makullin sito, gara ku ji labarin daga bakina kafin Baba Buba maigadi ya ba ku nasa mai gishiri.

Ga wanda bai gama sanin tsarinmu ba, babban ofishin ƙungiyar manoman nan tamu yana Birnin Kudu. Can sakatare yake zaune, shi ke ɗauka shi ke saukewa. Ƙarƙashinsa akwai manajojin sito a rassa, kowanne da maigadinsa. Iri yakan iso a ƙarshen rani, mu ajiye shi kamar wata biyu, sai ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu a raba wa mambobi. Ni an turo ni reshen Zandam, a ƙasar Gwaram, a matsayin riƙon ƙwarya. Sharaɗin shi ne idan rabon farko ya tafi lafiya a tabbatar da ni, in ba haka ba in koma inda na fito. Inda na fito kuwa zaman gida ne na shekara uku, difloma ta aikin gona tana cikin akwati, ga mata ga goyo. Saboda haka makullin nan da hannu biyu na riƙe shi.

Matsalar siton ɓeraye. Wanda na gada guba ya riƙa zuba musu, gubar ta kashe kajin maƙwabta, ɓerayen kuma suka ci gaba da hayayyafa. Ni da na zo da ɗanyen kai, sai na rubuta wa sakatare, Alhaji Lawan, takarda shafi biyu ina neman izinin ajiye mage. Ya kira ni a waya.

"Malam Isa, na ga takardarka. Na amince. Amma ka sani, in ta yi ɓarna kai ka yi."

Na ce na ɗauka.

Magen a wurin Inna Hanne na samo ta, wata dattijuwa mai suyar ƙosai a gindin darbejiyar da ke ƙofar sito. Magen baƙa ce mai farin wuya, ba ta da fara'a ko kaɗan, shi ya sa Baba Buba maigadi ya sa mata suna Kofur. Siton namu daɓen siminti ne, tagoginsa da raga, kuma doka ta ce in ba ana aiki ba ƙofa a kulle take. Wato Kofur ba ta da hanyar fita ta yi uzurinta a waje irin na magen gida. Inna Hanne ta ce in samo tsohon baho in cika shi da yashin rafi in ajiye a kusurwa. Ta ɗaga matsaminta za ta ƙara bayani, ta ce, "Sannan kuma kullum sai ka..."

"Inna, kada ki damu," na katse ta. "Kiwon dabbobi darasi guda ne a makarantarmu."

Ta dube ni, ta mayar da matsamin cikin mai, ta ce Allah ya ba da sa'a. Gaskiyar magana a makarantar mun yi shanu, mun yi tumaki, mun yi kaji, har kifi mun yi, amma ba wanda ya taɓa ambaton mage.

Da aka ajiye baho sai maganar kwashewa ta taso. Ni dai manaja ne, ina sa biro biyu a aljihun gaba, ban ga yadda za a yi a gan ni tsugune a kan kashin mage ba. Na miƙa wa Baba Buba aikin. Baba Buba mutumin Kangire ne, a garke aka haife shi, sai da ƙafa ta fara ba shi wahala ya bar wa 'ya'yansa shanu ya kama gadi. Ya leƙa bahon, ya yi dariya.

"Manaja, ina aka taɓa kwashe turke kullum? Ai barinsa ake yi ya taru ya nuna. Gab da damina a kwashe gaba ɗaya a kai gona. Wannan ma na riga kowa, na kuɓewata ne."

Maimakon in yi tunani, sai maganar ta zauna min daidai, don mu ma a gidanmu haka ake yi da turken awaki. Har na ƙara masa da bayanin amfanin takin gargajiya. Na buɗe littafin ayyuka na rubuta da kyakkyawan rubutu: kwashe baho, idan ya cika. Da wari ya fara tashi, Baba Buba ya riƙa barbaɗa toka a sama, ni kuma ina kunna turaren tsinke. Duk wanda ya shigo sai ya ce siton nan yana da wani irin ƙamshi da bai gane ba.

Kofur ta yi iya ƙoƙarinta, wannan zan shaide ta ko a ina. Cikin mako guda ɓeraye suka ɗauke ƙafa. Amma daga kwana na biyar ta fara wata ɗabi'a. Ina buɗe ƙofa da safe sai ta je bakin bahon ta tsaya, ta dube shi, ta dube ni, ta yi kuka. Na ce yunwa ce, na ƙara mata kan kifi. Ta ci, ta koma bakin baho ta ci gaba da kallona. Da aka yi kamar kwana goma sai ta daina kukan, bahon ma ya daina ƙaruwa. Baba Buba ya ce ta saba da aikin gadi ne, ta koyi riƙewa. Ni kuma na sa a rahoton wata cewa magen tana da tsafta ƙwarai kuma ba ta da ɗawainiya.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. A kowane kaya akan buɗe buhu guda a naɗe bakinsa a bar shi a tsaye, don manomin da ya zo ya ga irin da idonsa. Shi muke kira buhun samfur. Na shekarar nan irin gero ne, mai ƙananan ƙwaya, busasshe, mai taushin tonawa. Ni ban taɓa zura hannu ciki ba, daga sama nake kallonsa in ji daɗi.

Ruwa ya sauka, aka sa ranar Talata don rabo. Alhaji Lawan ya iso da hantsi cikin farar babbar riga da ta sha guga. Dagaci ya zo, masu unguwanni suka zo, manoma suka yi layi da buhunansu har bakin titi. Muka jawo buhun samfur zuwa ƙofa. Al'adar rabo ita ce sakatare ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya nutsa hannu har gwiwa ya ɗebo daga tsakiya, don a ga ba a yi ado a sama an ɓoye dusa a ƙasa ba. Sai ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna a ji ƙarar bushewa, sannan a fara awo.

Ya yi jawabi, ya yabe ni da suna, ya ce ga amfanin ɗaukar masu ilimi. Ya nutsa hannu. Na ga fuskarsa ta ɗan canza. Ya fito da wani dunƙule da gero ya lulluɓe, kamar ƙwallon fura.

"Malam Isa, danshi ya shiga kayan nan ne?"

Kafin in ba da amsa ya murƙushe shi da yatsu don ya duba. Iska kuwa daga bayansa take kaɗawa zuwa kan layi. Dagaci ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Mutumin farko a layi, wanda ya riga ya buɗe bakin buhunsa, ya naɗe abinsa a hankali ya koma baya. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi min dariya ciwo. A daidai lokacin Kofur ta fito daga sito, ta bi ta tsakanin ƙafafun Alhaji, ta zauna a rana tana lasar hannu.

Aka kawo buta da sabulu. Alhaji ya wanke hannu sau uku, ya sansana, ya ƙara na huɗu. Sannan ya miƙo min tafinsa.

"Kawo makullin. Ita kuma a sa ta a buhu a kai ta bayan dutse."

Abin da na tuna a lokacin shi ne matata, da yadda ta raba wa maƙwabta goro ranar da na sami aikin nan. Ina laluben aljihu sai muka ji murya daga gindin darbejiya.

"Alhaji, kafin a ɗaure min mage, a nuna min bahonta."

Inna Hanne ce, da matsami a hannu. Ta girmi kowa a wurin, har dagacin ma ta goya shi, saboda haka ba wanda ya tare ta. Ta shige sito, muka bi ta a baya. Ta tsaya a kan bahon da ya yi tozo, ga toka ga guntayen turare.

"Yaushe rabon a kwashe wannan?"

Baba Buba ya ce ai bai gama nuna ba.

"Bai gama me ba? Buba, saniya ce? Saniya ta yi ta kwanta a kai, ba ruwanta. Mage ko ƙafarta ba ta son ya taɓa. Alhaji, kai da kanka, a kulle ka a ɗaki wata biyu da fo ɗaya ba a zubarwa, ga buhu mai tsafta a gefe, ina za ka nufa?"

Alhaji ya ce a bar wannan misalin.

Ba ta bari ba sai da ta gama karatunta, kuma ni take kallo. Ta ce safe da yamma ake tsame abin da ta yi, har da yashin da fitsari ya jiƙa. Duk mako a zubar da yashin gaba ɗaya, a wanke bahon da ruwa da sabulu, a shanya a rana, a zuba sabo. Ban da turare, ban da maganin wanke masai mai ƙarfin wari, don hancinta ya fi namu. Abin da aka kwashe kuma a haƙa rami a binne, kada ya je kusa da abin da za a ci, sannan a wanke hannu. Baba Buba ya buɗe baki zai yi maganar kuɓewarsa, ta ce in ya zuba kada ya kawo mata ko ta miya ɗaya.

"Wannan shi ne abin da na fara faɗa maka ran nan," ta ce min, "ka ce kun yi a makaranta."

Sai ta ce a duba sauran buhunan. Aka sauke su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Babu huda, babu kashin ɓera, babu ko ƙwaya a ƙasa. Dagaci ya ce tun da aka gina siton nan bai taɓa ganin haka ba. Alhaji Lawan ya karɓi makullin daga hannuna, ya daɗe yana juya shi, sannan ya yanke hukunci. Buhun samfur a binne shi, giɓin da ya bari a cike da rabona da na Baba Buba. An ba ni mako biyu na gwaji. Ni da hannuna zan riƙa kwashe bahon, ba maigadi ba, kuma zai zo ba sanarwa. In mage ta sake taɓa buhu, ni da ita mu tafi tare. Makulli kuwa ya danƙa wa Baba Buba.

Mako biyun nan na ga rayuwa. Kullum da safe manaja zai tsaya a ƙofar sitonsa yana sallama, maigadi ya gama shan kokonsa a tsanake sannan ya zo ya buɗe masa. Inna Hanne ta ba ni tsohon matsaminta da ya lanƙwashe. Yini biyu na farko Kofur ba ta yarda da ni ba, sai ta zagaya bahon ta wuce, ni kuma ina bin ta da ido ina addu'a. A rana ta uku ta shiga, ta tona, ta yi, ta binne, ta fita ba ta ko dube ni ba. Ban taɓa zaton ganin mage tana kashi zai sa ni hamdala a fili ba, amma na yi.

Alhaji ya zo ranar wata Alhamis, ko mota ban ji ba. Ya same ni a tsugune da matsami, biro biyu a aljihu. Ya duba bahon, ya zagaya buhunan da suka rage. Ya naɗe hannun riga kamar zai nutsa cikin ɗaya, sai ya fasa, ya ce in nutsa nawa. Na nutsa har kafaɗa, na fito da gero zalla. Ya karɓi makulli daga hannun Baba Buba ya miƙo min, ya ce takardar tabbatarwa tana tafe.

"Amma ka gyara littafin nan naka," in ji shi. "Idan ya cika ba lokaci ba ne."

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, a sito ba babban aiki ke kayar da mutum ba, ƙaramin da ya ga ya fi ƙarfinsa ne. Kuma duk wanda ya fara maka magana da "kullum sai ka", ka bar shi ya kai ƙarshe, ko da ƙosai yake soyawa. Kofur ta yi shekara shida tana aiki tare da mu, ba ta sake kallon buhu ba, jikarta ce kuke gani yanzu a kan tagar can. Inna Hanne kuwa Allah ya yi mata rasuwa, har ta bar duniya ba ta daina kirana mai difloma ba, kuma ina kewar jin hakan.

To, kun ji dalilin matsamin. Duk wanda aka turo min koyon aiki shi nake fara ba shi, sai ya yi wata guda yana kwashewa safe da yamma ba a tuna masa ba, sannan in bari ya taɓa makulli. Na yau da yamma ma ban ga an kwashe ba.